Batiri Na Biyu A Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu: Tambayoyi Da Amsoshi

Masu motoci irin su Land Cruiser, Hilux, Patrol da Ranger da ke yin nisa da gari sukan ɗora wa motar kayan wuta: firij, fitilun kwana, cajar waya da kwamfuta, wani lokaci har da inbata. Daga nan ne maganar batiri na biyu ke tasowa.

Batirin da motar ta zo da shi bai isa ba ne?

Ya isa aikin da aka yi shi dominsa, wato tayar da inji. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne kuma masu yawa, don ya iya sakin ɗaruruwan amfiya cikin sakan biyu ko uku yayin da kik ke juya inji, sannan altaneta ta mayar masa da abin da ya fita. Abin da ba ya jurewa shi ne a riƙa tsotsarsa a hankali har ya yi ƙasa sosai. In aka maimaita masa haka sau da yawa, ya daina riƙe caji ke nan.

Ka bar firij a kansa ka kwana, da safe ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas. A cikin gari ɓacin rai ne kawai. A wurin da babu wata motar da za ta ba ka wuta, taka kuma mai giyar atomatik ce da ba ta tashi da turi, magana ta girma.

To me zai hana in ja waya in haɗa batiran biyu kai da kai?

Sun zama batiri ɗaya babba ke nan, firij kuma zai shanye su tare. Abin da ake so shi ne su haɗu idan inji na aiki don altaneta ta caja su duka, su rabu da zarar an kashe inji, kayan wuta su ci na biyun kaɗai. Duk aikin a kan wannan rabuwar yake.

Da me ake raba su?

Mafi sauƙi shi ne makunnin hannu. Ba ya lalacewa da wuri, sai dai ya dogara da tunanin direba, kuma ranar da ka manta ita ce ranar da za ka gane kurenka.

Sai rile mai jin ƙarfin wuta, wanda ake rubuta VSR a jikinsa. Idan inji ya tashi, wutar babban batiri ta kai wajen bolt 13.3, sai ya haɗa su. Idan an kashe inji ta sauko wajen 12.8, sai ya raba. Bai san wani abu ba bayan wannan: duk wutar da altaneta ta bayar ita yake miƙawa, ko ta isa ko ba ta isa ba.

Na uku shi ne cajar DC-DC. Ita tana karɓar wuta daga ɓangaren inji, ko da ta yi ƙasa, ta ɗaga ta zuwa abin da batiri na biyu ke buƙata, ta caja shi mataki-mataki har ya cika, sannan ta sassauta. Ana samun mai amfiya 20, 25 ko 40, kuma da yawansu suna da bakin da ake jona farantin sola. Ni dai idan batirin zai zauna a bayan mota, ko na litiyam ne, ba na ma tsayawa tunanin VSR.

An ce sababbin motoci ba sa shiri da VSR. Gaskiya ne?

Da yawansu, e. Tsohuwar altaneta takan riƙe wuta tsakanin bolt 13.8 da 14.4 muddin inji na aiki. A motocin zamani da dama kuwa, ƙwaƙwalwar mota ce ke juya altaneta don a rage shan mai da hayaƙi. Da ta ga babban batiri ya ƙoshi sai ta sauke wuta ƙasa da bolt 13, idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur kuma ta cilla ta sama. VSR da ya ga wuta ta sauka sai ya ɗauka an kashe inji, ya raba batiran. Sai mutum ya wuni yana tuƙi, ya isa masauki da batiri rabin ciki, ya hau zargin wanda ya sayar masa da shi.

Kafin ka sayi komai, gwada taka. Ɗora mita a kan babban batiri, ka tayar da inji, ka kashe fitilu da na'urar sanyaya mota, ka bar shi ya yi zafi kamar minti 20, in da hali ka ɗan zaga da motar. Idan wutar ta tsaya sama da 13.8, VSR zai yi. Idan tana saukowa 12 da ɗoriya, DC-DC za ka nema. Wata alamar kuma ita ce ƙaramar na'ura mai siririyar waya da ke manne a kan batiri na negatif. In ka gan ta, kada ka ɗaura wayar at ɗinka, wato ta negatif, a kan batirin kai tsaye. Ɗaura ta a ƙarfen jikin mota, don ƙwaƙwalwar ta riƙa ganin duk wutar da ke fita.

Wane irin batiri ya dace?

Wanda aka yi don a riƙa zuƙarsa a hankali ana sake cika shi. AGM na dalma ne amma a rufe yake, ruwansa ba ya zuba kuma yana jure jijjiga. Ƙa'idarsa kada a ci fiye da rabinsa, wato mai 100Ah (Ah ma'aunin yawan wutar da batiri ke riƙewa ne, amfiya sau awa) zai ba ka wajen 50Ah, nauyinsa kuma kusan kilo 30. Na litiyam, nau'in LiFePO4, mai 100Ah yana ba da 80Ah ko fiye, nauyinsa bai kai rabin na AGM ba, kuma ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Sai dai yana da sharuɗɗa: yana son caja mai tsarin litiyam, ba ya son zafin inji, kuma ba a caja shi idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 0.

Mai girman nawa zan saya?

Lissafa abin da kake ci a kwana ɗaya. A ce firij ɗinka, tsakanin tashi da hutawarsa, yana cin amfiya 1.5 a kowace awa: awa 24 ya zama 36Ah. Fitilar wat 10 ta awa huɗu ta ƙara kamar 3Ah, cajin wayoyi ya ƙara kaɗan, ka doshi 45Ah. AGM mai 100Ah zai kai ka kwana ɗaya ba tare da ka tayar da inji ba, na litiyam kusan biyu. Idan ana zafi firij ya fi ci, a bar wa lissafin sarari. Mayar da 45Ah da caja mai amfiya 25 kuma zai ɗauki tuƙin awa biyu ko fiye, musamman AGM da ke jan ƙafa idan ya kusa cika.

A ina ake ajiye shi?

Ƙarƙashin bonet ya fi kusa, waya ba ta yin tsawo, amma zafi na rage wa batiri kwana. Bayan mota ya fi sanyi. Batiri mai ruwa da ake buɗe kansa ba ya zama inda mutane ke zaune, don yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, ita kuwa tartsatsi kaɗan take jira. Duk inda aka sa shi a ɗaure shi da ƙarfe da noti a jikin mota. Kilo 30 da ba a ɗaure ba, ranar da aka taka birki da ƙarfi, dutse ne.

Me ya sa ake yawan nanata kaurin waya da fis?

Domin a nan yawancin aikin ke lalacewa. A wutar bolt 12, rasa rabin bolt a hanya ba ƙaramin abu ba ne. Ɗauki batirin da ke bayan mota, mita shida daga inji, zuwa da dawowa mita 12. Idan amfiya 25 ta bi wayar jan ƙarfe mai murabba'in milimita 6 (6mm²), kusan bolt 0.9 zai salwanta a hanya ya zama zafi. Altaneta ta ba da 14.2, batiri ya ga 13.3, ba zai taɓa cika yadda ya kamata ba. Mai 16mm² a wannan nisan, asarar kamar 0.3 ce kawai. Lambar kuma faɗin jan ƙarfen da ke ciki take nufi, ba kaurin robar waje ba. Akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A ido kamar ta gaske, amma ba ta ɗaukar wuta kamarta. Kankare bakinta, in ka ga fari a ciki ka ajiye ta.

Fis kuwa waya yake karewa. Wayar da ke tsakanin batiran tana da wuta ta kowane ɓangare, saboda haka fis biyu take buƙata, ɗaya dab da kan fozitif na kowane batiri, kada ya wuce taƙi ɗaya. Idan robar waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota babu fis, batiri zai tura mata ɗaruruwan amfiya, ta yi ja cikin sakanni, gobara ke nan. Girman fis ana bin takardar cajar. Mai amfiya 25 galibi fis 40 ake sa mata. A saka wayar cikin bututun roba, a sa zoben roba a duk ramin ƙarfen da za ta ratsa, a nisanta ta da salansa da duk abin da ke motsi. Kawunan waya a matse su da abin matsewa na gaske, ba da guduma ba.

Winci fa, na'urar igiya da ke janyo mota idan ta maƙale, a kan na biyun zan jona shi?

A'a. Idan winci ya ɗauki nauyi yana iya jan amfiya 300 zuwa 400. Cajar DC-DC ba ta wuce da wannan, na'urar kariya da ke cikin yawancin batiran litiyam ma za ta yanke wuta. Winci a kan babban batiri yake zama, inji na aiki.

Idan babban batiri ya mutu, na biyun zai tayar da motar?

In AGM ne kuma da caji a cikinsa, zai iya. Wasu VSR suna da maɓallin da ke haɗa batiran da gangan, amma sai wayar da fis ɗin da ke tsakani sun isa ɗaukar wutar kik. In ba haka ba, wayar ba da wuta ta hannu ta fi. Cajar DC-DC galibi hanya ɗaya take tura wuta, ba ta mayarwa baya. Na litiyam kuma kada a ɗora masa kik, sai in mai ƙera shi ya rubuta cewa yana iyawa.

Zan iya haɗawa da kaina?

Idan ka iya karanta mita da zanen waya, za ka iya. Cire kan negatif na babban batiri tun farko, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Cire zobe da agogon ƙarfe. Ja wayoyi, ɗaure komai, fis su ne na ƙarshen sakawa kafin a mayar da negatif. Sannan ka gwada: inji na aiki, wutar batiri na biyu ta hau sama da 13, ka kashe inji, ka kunna firij, bayan ɗan lokaci ka ga na biyun na sauka a hankali, babban kuwa ya tsaya wajen 12.6. In duka biyun suna sauka tare, ba su rabu ba, a koma kan wayarin. Motar da ke cikin garanti kuma, a duba sharuɗɗansa kafin a huda ko a yanka komai.