Waiwaye: Yadda tsinta ta zama karatu a bakin mutanen Denmak

Idan ɗan Denmak ya ce "jeg læser", karatu yake nufi, ko jarida ce a hannunsa, ko kuwa likitanci yake yi a jami'a. Amma kakan wannan aikatau, wato læse, bai san takarda ba. A tsohon harshen Nos, uwar harsunan Denmak, Suwidin, Norwe da Aislan, ana cewa lesa, kuma ma'anarta ta fari ita ce tsince abu ɗaya bayan ɗaya a tara, kamar yadda mata ke kalar gyaɗa bayan an kwashe amfanin gona.

Tsohuwar shaida tana cikin Linjilar da limamin coci Wulfila ya fassara zuwa harshen Got, wani tsohon harshe ɗan'uwan na Nos, a ƙarni na 4. A ayar da ke cewa tsuntsaye ba sa shuka, ba sa girbi, ba sa tarawa a rumbu, kalmar da ya sa wa tarawa ita ce lisand. Babu ƙanshin karatu a cikinta ko kaɗan. Har gobe Jamusawa na kiran tsinkar inabi Weinlese, a harshen Lituwaniya kuma lesti na nufin tsuntsu ya tsinci tsaba da baki.

To ta ina karatu ya shigo? Wasu na kafa hujja da Tacitus, marubucin tarihi ɗan Roma, wanda ya rubuta a shekarar 98 cewa ƙabilun Jamus kan watsa 'yan itatuwa masu alamomi a kan farin ƙyalle, sannan a tsince su a yi duba. Labarin yana da daɗi, amma ni na fi gamsuwa da hanyar Latin. Kalmar Latin legere ta haɗa tsinta da karatu tun asali, kuma littafi ya iso arewacin Turai ne a hannun limaman coci, masu aiki da Latin. Rubutaccen dutsen Jelling na Denmak, inda Sarki Harald ya yi alfaharin mayar da mutanensa Kiristoci, na wajen 965 ne.

Abin da ya fi ƙarfafa min gwiwa shi ne, masu sassaƙa haruffan run, wato tsohon rubutun mutanen arewacin Turai, suna da tasu kalmar ta karatu, ráða, wato warware ma'ana. 'Yar'uwarta ta tsohon Turanci ce Turawan Ingila suka riƙe ta zama read. A Denmak kuwa ta zama råde, ta koma fagen shawara da mulki, ta bar wa læse littafi.