Kafin ka goge rubutun sabon edita a Wikipedia, ku zo mu yi magana kan madogara

Jama'a abin nan yana damuna wallahi. Yaro ya buɗe akawun a Wikipedia ta Hausa da zumuɗinsa, ya kwana yana taifin maƙala kan Mauludi a waya, data ɗinsa na ƙonewa, da safe ya tarar an share komai ba ko sannu. Shikenan an kore shi, ba zai dawo ba.

Dokar Wikipedia kan madogara ba wuya gare ta ba. Duk abin da ka rubuta dole mai karatu ya iya bin sawunsa zuwa wani wallafaffen abu, littafi ko mujallar jami'a ko jarida mai edita, ka sa sunan marubuci da shekara da shafi. Mu da muka san isnadi ai bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. "Na ji malam ya faɗa a wajen tafsiri" ba ya shiga, haka odiyon WhatsApp da rubutun wani a Facebook, ko da kuwa maganar gaskiya ce.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne aya da hadisi. Za ka iya kawo su, amma ba kai za ka ciro hukunci daga cikinsu ba, sai dai ka ce wane malami ya fassara ta kaza a littafi kaza. Idan ka rubuta an kafa Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, wannan tarihi ne, sa madogara ka wuce. Amma "Mauludi bidi'a ce" ko "Mauludi wajibi ne" da bakin Wikipedia, a'a, nan sai ka faɗi abin da malaman Izala suka ce da abin da na Tijjaniyya da Ƙadiriyya suka ce kowa da littafinsa, ko da zuciyarka na tare da ɓangare ɗaya, kuma na san hakan da nauyi ga mai kishin aƙidarsa.

Ku kuma tsofaffin hannu, kyautata zato ma yana cikin ƙa'idojin gidan. In jimla ba ta da madogara kuma ba ɓatanci ba ce ga wani mai rai, liƙa mata alamar ana buƙatar hujja, ka leƙa shafin tattaunawa na sabon editan ka ce barka da zuwa ɗan'uwa, a wane littafi ka ga wannan, turo min shafin mu saka tare.