Ku bar mayar da tawada a kan ƙuna don Allah

Samarin Tahoua, ƙannena, yau da ku nike. Cikin watan nan kaɗai na gaji da ganin abu guda a ɗakin wankin ciwo: yaro ya yi tatu sabo, salansar babur ta ƙone shi ko ruwan shayi ya zubo mishi a fada, zanen ya ɓaci, kuma maimakon ya zo likita sai ya koma wajen mai zanen wai a gyara mishi. A gyara mi? Fatar da ba ta warke ba?

Shekaranjiya aka kawo mini wani, bai daɗe da dawowa daga Abijan ba, sunan mamanshi ne ya rubuta a damtse, abin ma gwanin ban tausayi. Garwashi ya faɗa mishi a kai, wurin ya yi bororo, ya fasa da kanshi, kwana goma ya koma aka sake bin wurin da allura. Da na ɗaga tsumman da ya ɗaure, mugunya ta haɗe da baƙar tawada, hannu ya kumbura har gwiwa, jiki zafi rau. Na ce ɗan'uwa mi ya kai ka? Ya ce wai harafi guda ne ya goge. Harafi guda fa!

Maganar halacci ko haramci na bar wa malamai, ni ciwo nike wankewa, kuma na san kunyar gida ce ke sa ku ɓoye cikin dogon hannu har abu ya lalace. Ku zo hakanan, ba mu kai ƙarar kowa.

Shi tatu kanshi ciwo ne, allura ta huda fata ba adadi, samanshi kaɗai sai ya yi sati 2 zuwa 4 kafin ya rufe. To ka ɗora ƙuna a kai, ka sake ɗora allura, ina fatar za ta huta? Tabon ƙuna yana iya kai shekara guda ko fi kafin ya zauna, kuma mu baƙar fata mun fi saurin yin tabon nan mai tudu da ƙaiƙayi, wanda ko an yanke yana iya dawowa. Ga shi tawada ba ta zama daidai a kan tabo, yaɗuwa take, ka biya kuɗi ka sayi dabbare. Balle allurar da ba ka san jikin wa ta shiga ba kafin naka, ƙwayar ciwon hanta na B tana kwana 7 a kan ƙarfe da ranta, ban ma yi zancen sida ba.

In ka ƙone: ruwa mai sanyi na pampo ko buta, a yi ta zubawa minti 20, ba ƙanƙara ba. Ban da man goge haƙora, ban da ƙwai, ban da baƙin mai. Kar ka fasa bororo, kar ka ɓamɓare ɓawo. Rufe da tsumma mai tsabta ka taho CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, mafi kusa, mu duba har da allurar tetanos. In ka ga ja na hawa, ko wari, ko zazzaɓi, ko dare ne ka taho.

Ku kuma masu zane, in yaro ya zo muku da ɗanyen ciwo ku kore shi, kuɗin nan ba su kai hannun mutum ba. Yaron shekaranjiya gobe da safe zai dawo wanki, na ce ya zo mini da wanda ya yi mishi zanen.