Haɗin Gwiwar Gwamnati da 'Yan Kasuwa Wajen Bunƙasa Masana'antu

Haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa yarjejeniya ce ta dogon zango, galibi ta shekara 20 zuwa 30, wadda hukuma ke ƙullawa da kamfani mai zaman kansa don gina wani aiki ko gudanar da shi. Kamfani ya kawo jari da ƙwarewa, gwamnati ta ba da fili da izini, wani sa'in har ta tsaya lamuni. Ƙashin bayan yarjejeniyar dai shi ne wanda zai ɗauki asara in aiki ya ƙi tafiya.

Tarihi

Tsarin ya girmi sunansa nesa ba kusa ba. Wajen 1666 Pierre-Paul Riquet ya fara haƙa mashigin ruwa na Midi a Faransa da izinin sarki, ya zuba dukiyarsa a ciki, ya rasu a 1680, kafin a buɗe shi a 1681. A 1854 Sa'id Pasha na Masar ya ba Ferdinand de Lesseps izinin haƙa mashigin Suez, bisa sharaɗin kamfani ya riƙe shi shekara 99. An buɗe shi a 1869, amma wa'adi bai cika ba Gamal Abdel Nasser ya mai da shi hannun gwamnati a 1956.

Birtaniya ta fito da sabon salon tsarin a 1992, ta daina ƙulla irinsa a 2018.

Cibiyoyin da ba riba suka sa gaba ba

Wani nau'in haɗin gwiwar shi ne cibiyoyin bincike da gwamnati ke tallafawa, kamfanoni kuma su kawo aiki. A nan ne masana'antu suka fi cin moriya. Ƙaramin kamfani ba shi da halin ajiye ɗakin gwaje-gwaje, sai ya kai matsalarsa cibiya, ya biya, a warware masa. Haka ƙungiyar Fraunhofer ta Jamus, wadda aka kafa a 1949, take aiki: kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin bincikenta tallafin gwamnati ne, saura daga kwangila. A wata cibiyarta aka yi yawancin aikin da ya haifar da MP3.

Taiwan ta kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu mai suna ITRI a 1973. Bayan shekara uku ta tura matasan injiniyoyi kamfanin RCA na Amurka su koyo sarrafa ƙwaƙwalwar na'urorin lantarki, suka dawo suka kafa ƙaramar masana'antar gwaji. Daga cikin ITRI aka samu kamfanoni biyu masu ƙera irin wannan ƙwaƙwalwa: UMC a 1980, sannan TSMC a 1987, a hannun Morris Chang, wanda dama shi ke shugabantar cibiyar. A 1987 ɗin ce kuma kamfanoni 14 na Amurka suka haɗa kai da gwamnati suka kafa SEMATECH, cibiyar bincike kan ƙera ƙwaƙwalwar na'urori, ganin Japan na neman ƙwace musu kasuwa.

Muhawara

Masu goyon baya na cewa aiki ya fi saurin kammaluwa. Masu suka na cewa bashi ne gwamnati ke ɓoyewa, kuma ruwan da kamfani ke biya a kan rance ya fi na gwamnati.