Me Ya Sa Sukarin Safe Yake Hawa Alhali Ana Kiyaye Abinci?

Daga cikin mutanen da gwaji ya nuna sukarin jininsu ya haura ƙa'ida amma bai kai matsayin ciwon sukari ba, akwai waɗanda suke riƙe shawarar ma'aikatan lafiya hannu bibbiyu. Sukan daina shan lemon kwalba, su rage malmalar tuwo, su haƙura da shayi mai madara da sukari, har su sayi na'urar gwaji su ajiye a gida. A watannin farko lamba tana sauka, hankali ya kwanta. Daga baya sai lambar da ake gani da safe kafin a karya, wadda ta saba tsayawa a 98 ko 102, ta koma 110, ta koma 116, ba tare da an sauya komai a kwanon abinci ba. Tambayar da muke sha a ɗakin duba marasa lafiya ita ce, "Malam, ni da ba na cin komai, daga ina sukarin nan yake fitowa?" Yawancin masu wannan tambayar sun riga sun ƙara matse cikinsu kafin su iso gare mu, kuma a kan haka nake son jan hankali, domin sau da yawa ba abinci ne ya ɗaga lambar ba, kuma ƙara yunwa ba zai saukar da ita ba.

Yana da kyau a fara sanin iyakokin. Idan mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba sai ruwa, ana sa ran sukarinsa ya kasance ƙasa da miligiram 100 a kowace desilita ta jini. Daga 100 zuwa 125 shi ne matakin gab da ciwon sukari a ma'aunin Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya daga 110 take fara ƙirgawa. Daga 126 zuwa sama, idan an maimaita gwajin a wata rana ya sake nuna haka, ciwon sukari ne. Wasu na'urori da ɗakunan gwaji suna ba da sakamako da milimol, inda za a ga 5.6 ko 6.9 ko 7.0, kuma idan aka ninka wannan lambar sau 18 za a samu ta miligiram.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sukarin da na'ura take nunawa da safe ba na tuwon daren jiya ba ne kai tsaye. Wancan ya riga ya shiga jini ya fita cikin 'yan awanni. Wanda ake gani da safe hanta ce take sako shi. Hanta tamkar rumbu ce: tana ajiye sukari lokacin da aka ci aka ƙoshi, tana fito da shi kaɗan-kaɗan cikin dare domin ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi kada su rasa abin aiki, kuma idan ajiyar ta yi ƙasa tana iya haɗa sabon sukari daga sinadaran furotin da wani ɓangare na kitse. Sinadarin insulin ne yake tsawatar mata ta rage. A jikin mai matakin gab da ciwon sukari, hanta ba ta jin wannan tsawatarwar sosai, musamman idan kitse ya taru a cikinta, don haka takan sako fiye da abin da ake bukata ko da mutum ya kwana da yunwa.

Sannan gab da asuba, daga wajen ƙarfe 3 na dare zuwa hantsi, jiki yana sako sinadaran da suke shirya mutum ya farka, irin su kotizol da sinadarin girma, waɗanda suke ƙara zuga hanta. Kowa yana da wannan, amma mai cikakkiyar lafiya insulin ɗinsa yana tashi nan take ya daidaita al'amarin. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai kwanta da 100 ya tashi da 114 alhali bai sa komai a baki ba. Shi ne kuma ya sa lokacin gwaji yake da tasiri: wanda ya saba gwadawa da ƙarfe 5 kafin sallar asuba, in ya koma gwadawa da ƙarfe 8 bayan ya yi zirga-zirga ya sallami yara makaranta, kada ya yi mamaki idan lambobin ba su zo ɗaya ba.

Akwai wani yanayi da yake rikita masu tsananta wa kansu. Mutumin da ya yanke tuwo da shinkafa da burodi da doya gaba ɗaya, ya koma nama da ƙwai da ganye zalla na tsawon makonni, jikinsa yakan saba da ƙona kitse, tsokoki su rage ɗaukar sukari domin su bar wa ƙwaƙwalwa ɗan abin da ya rage. A irin wannan hali lambar safe tana iya ɗagawa kaɗan, alhali bayan cin abinci ba ta hawa sosai. Saboda haka ne ake umartar wanda za a yi wa gwajin shan ruwan gulukos da ya ci aƙalla giram 150 na abinci mai sitaci a kowace rana har kwana 3 kafin gwajin, in ba haka ba sakamakon zai fito sama da gaskiyarsa. Duk wanda yake kan irin wannan tsari ya faɗa wa likita tun kafin a ɗebi jininsa.

Kafin a zargi jiki kuma, a binciki na'urar. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta shekarar 2013 da masu ƙera waɗannan na'urori suke bi ta yarda sakamako ya kauce da kashi 15 cikin 100 sama ko ƙasa idan sukari ya kai 100. Ma'ana, jinin da haƙiƙanin sukarinsa 110 ne yana iya fitowa 94 ko 126, kuma ba za a ce na'urar ta lalace ba. Bambancin maki 5 ko 8 tsakanin jiya da yau bai isa hana mutum barci ba. Tsinken gwajin da ake ɗiga wa jini kuwa ba ya shiri da zafi da danshi. Yawancin kamfanoni sun ce kada a ajiye shi a wurin da ya wuce digiri 30. A tuna da watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, lokacin da zafi yake haura digiri 40, a ɗakin da yake da rufin kwano babu silin. Robar tsinken tana kan taga ko a aljihun mota, an buɗe an ɗauki ɗaya an manta ba a danne murfin ba, wani lokaci ma wa'adin da aka buga a jikinta ya wuce tun bara. Lambar da irin wannan tsinken zai bayar ba abin dogaro ba ce. Haka nan yatsa: wanda ya ɓare wa yaro lemo, ko ya taɓa dabino, ko ya dama koko da sukari, sannan ya huda yatsan bai wanke ba, sukarin da ya maƙale a fata zai gauraya da ɗigon jinin ya harba lambar sama. A wanke hannu da ruwa da sabulu, a bari ya bushe sarai, sannan a huda.

Idan na'ura ta tsira, sai a duba dare. A shekarar 1999 masu bincike a Jami'ar Shikago sun taƙaita barcin samari 11 masu ƙoshin lafiya zuwa awa 4 na tsawon dare 6, sai aka ga jikinsu ya yi sanyi ƙwarai wajen kwashe sukari daga jini. Maigadi, da direban dare, da uwa mai shayarwa, da wanda zafi da sauro da rashin wuta suka hana runtsawa, da wanda yake riƙe da waya har ƙarfe 2, duk suna cikin wannan sahu. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa yake ɗaukewa cikin barci, ya tashi a gajiye da ciwon kai, ya kamata ya ambata wa likita, domin wannan matsala ce da take da alaƙa da hawan sukari da hawan jini. Damuwa ma haka take: bashi, ko rasuwa, ko rigimar gida, suna ɗaga kotizol, shi kuma ya zuga hanta. Zazzaɓi, da ciwon haƙori, da ƙurji, da ciwon mafitsara, kowannensu yana iya ɗaga sukari na kwanaki, wani lokaci tun kafin mutum ya ji alamar ciwon sosai. Mata kuma sukan ga lamba ta ɗan hau a kwanakin da suke gab da al'ada da kuma shekarun ɗaukewarta. Wadda take zaton ta samu juna biyu kada ta tsaya lissafi a gida, ta tafi awo, domin ma'aunin mai ciki daban ne.

Babin magunguna shi ne wanda ya fi damuna, domin shi ne mutane suka fi ɓoyewa, ko kuma ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Magungunan rage kumburi na dangin sitiyarod, irin su firednisolon da deksametason wanda aka fi sani da deksa, suna ɗaga sukari ƙwarai. Ana ba da su saboda asma da ciwon gaɓoɓi da ƙaiƙayin fata, ana yin allurarsu a gwiwa, kuma a kemis sukan shiga cikin haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda ba tare da an gaya masa sunan ko ɗaya ba. Su ne kuma ginshiƙin yawancin magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, kuma akwai su a cikin mayukan bilicin da dama, inda suke ratsa fata su shiga jini idan aka daɗe ana shafawa a faɗin jiki. Mace tana iya kiyaye abincinta iya kiyayewa, man da take shafawa safe da yamma yana warware mata aiki. Wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari da magungunan rage kitsen jini su ma suna ɗaga sukari, amma kaɗan, kuma amfaninsu ya rinjayi wannan illar. Gargaɗi a nan shi ne, kada wanda ya daɗe yana shan sitiyarod ya yanke shi rana ɗaya, domin hakan yana da haɗari ga rai. Likita ne yake rage shi mataki-mataki. Abin da ake so shi ne a tattaro duk abin da ake sha da wanda ake shafawa, har da na gargajiya, a zo da su asibiti a cikin kwalayensu.

Ba na wanke abinci daga laifi gaba ɗaya. Tuwon alkama da mutane suke ɗauka magani ne, sitaci ne kamar sauran, kuma malmala biyu tasa ba ta fi malmala biyu ta masara sauƙi da wani abin kirki ba. Zuma sukari ce. Fura da kunun zaƙi da zoɓo na sayarwa an riga an zuba musu sukari kafin su iso hannu. Cin abinci mai nauyi da maiƙo da ƙarfe 11 na dare a kwanta a kansa yana iya bin mutum har safiya.

Wani abin da ake mantawa shi ne tsoka. Ita ce take kwashe mafi yawan sukarin da ya shiga jini bayan cin abinci, kuma wanda ya rame ta hanyar yunwa kawai ba tare da motsa jiki ba, yana zubar da tsoka tare da kitse. Babban binciken rigakafin ciwon sukari da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a shekarar 2002 bayan an bi mutane 3,234 masu matakin gab da ciwon sukari, bai tsaya kan abinci kaɗai ba. An nemi rukuni ɗaya su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwa da ciwon sukari ta ragu da kashi 58 cikin 100 a cikinsu, yayin da ta ragu da kashi 31 a rukunin da aka ba maganin metfomin. Tafiya da sauri ta rabin awa sau 5 a mako ta cika wannan adadin, kuma ɗan tattaki bayan abincin dare ya fi zama a tabarma amfani nesa ba kusa ba.

Duk da haka, wajibi ne a faɗi gaskiya: wani lokaci hawan na haƙiƙa ne. Gaɓar da take samar da insulin tana iya ci gaba da raunana duk da ƙoƙarin mutum, musamman mai gadon ciwon daga iyaye, kuma wannan ba gazawarsa ba ce. Akwai ma wani nau'in ciwon sukari da garkuwar jiki take lalata wannan gaɓa sannu a hankali a jikin manya, wanda akan yi zarginsa idan mutum siriri ne, yana kiyayewa, amma lamba tana ta hawa. Irin waɗannan suna bukatar magani, kuma jinkirta shi da sunan "bari in ƙara gyara abinci" ɓata lokaci ne.

Hanyar rarrabewa ita ce rubutu da gwajin asibiti. A samu littafi, a yi mako 2 ana gwadawa a lokaci ɗaya kowace safiya, a rubuta lambar tare da lokacin cin abincin dare, da awannin barci, da duk wani magani ko rashin lafiya. A wasu ranaku a ƙara gwaji lokacin kwanciya da kuma awa 2 bayan cin abinci, inda ake son ganin ƙasa da 140. Idan lambar kwanciya tana ƙasa da ta safe, aikin hanta ne cikin dare. Da wannan littafin za a je a ɗebi jini ta jijiya, a kuma yi gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin sukari na wata 2 zuwa 3: daga kashi 5.7 zuwa 6.4 cikin 100 matakin gab da ciwon ne, kashi 6.5 zuwa sama ciwon sukari. Sai dai wannan gwaji ya dogara ne da jajayen ƙwayoyin jini, don haka ƙarancin jini, da ƙarin jini na kwanan nan, da sikila suna iya karkatar da shi. Tun da kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rukunin jinin AS, ya kamata kowa ya sanar da likita rukuninsa kafin a fassara masa sakamakon.

Wanda kuwa lambarsa ta safe ta kai 126 fiye da sau ɗaya, ko ya ga 200 a kowane lokaci na yini, ko yake fama da ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsarin dare da rama ba dalili da dishi-dishin gani, kada ya jira mako biyun nan su cika, ya tafi asibiti a ranar.