Share Fage Kafin Fara Furojet: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nema a binciken share fage?

Amsar tambaya uku kafin ka kai take gaban malamin da zai duba furojet ɗinka, wato kundin binciken kammala digiri: an taɓa yin aikin nan? Ina aka tsaya? Bayanan da kake buƙata za su samu kafin wa'adi ya cika?

Daga ina zan fara?

Daga ɗakin ajiyar kundaye na sashenku. Yawancin kundayen digiri na farko ba sa intanet, shi ya sa ɗalibi zai rantse takensa sabo ne, alhali yana nan jibge a kanta. Duba na shekara 10 baya. Sai babban ɗakin karatu, kamar na Kashim Ibrahim a ABU Zariya, sannan shafukan neman maƙalun ilimi a intanet, Google Scholar da AJOL (rumbun mujallun ilimi na Afirka). Mai aikin tarihi ba shi da makawa sai ya leƙa Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ko cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH a Yamai.

Wajen lalube a intanet, rubuta kalma da haruffa masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ), ka sake rubuta ta babu ƙugiya. Gwada Zariya, Zaria da Zazzau daban-daban. Idan batun ya shafi Nijar, nemi da Faransanci ma.

Sai na karanta kowane aiki daga farko har ƙarshe?

A'a. Tsakure, gabatarwa, kammalawa, sai manazarta, wadda za ta kai ka ga wasu ayyukan. Wanda ya taɓa batunka kai tsaye shi za ka zauna wa. Rubuta sunan marubuci, shekara, shafi, hanyar da ya bi, abin da ya gano da abin da ya bari. Duk jimlar da ka kwafa, saka mata alamar zance nan take. Bayan wata biyu ba za ka bambance ta da taka ba, kuma daga nan satar fasaha ke shigowa. Kada ka kafa hujja da aikin da ba ka gani da idonka ba, domin manhajoji irin su ChatGPT kan ƙirƙiro manazartar da babu ita.

Yaushe zan tsaya?

Idan sunaye iri ɗaya suka fara maimaituwa, kuma kana iya faɗin giɓin da za ka cike a jimla guda. A digiri na farko, mako biyu zuwa uku sun isa.

Me ya fi kayar da ɗalibai?

Take mai faɗi da yawa. "Matsalolin ilimi a Arewa" ba ya bincikuwa. Taƙaita shi da wuri, lokaci da rukunin mutane. Sai bayanan da ba sa samuwa da sauƙi: fayilolin marasa lafiya, alal misali, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, kuma fitowarsa kan ɗauki makonni. Tambayi sharuɗɗan tun kafin a amince da taken.