Shekara nawa ake ɗaure mai safarar yara a Najeriya?

Da an ce safarar mutane, hankalin yawancinmu kan tafi kan 'yan matan da ake bi da su ta Agadas zuwa Libiya, ko waɗanda ake yi wa romon bakan aiki a Saudiyya su ɓige da bauta. Wannan safara ce, babu musu. Amma dokar da ke aiki a Najeriya yau ta fi haka faɗi, har cikin gidajenmu ta shigo. Ta taɓa dillaliyar da ke kwaso yara mata daga ƙauye tana rarraba su aikatau a birni, ta taɓa matar gidan da ta karɓa, kuma tana iya taɓa uban da ya miƙa hannu ya karɓi kuɗin.

A 2003 aka yi dokar farko, wadda ta kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa. An yi mata gyara a 2005, sannan a watan Maris na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Hana Safarar Mutane, wadda ta maye gurbin tsohuwar gaba ɗaya. Dokar tarayya ce, tana aiki a kowace jiha ba tare da jiran majalisar jihar ba, kuma babbar kotu ce ke sauraren ƙararrakinta, ta tarayya ko ta jiha.

Kafin a ce an yi safarar wanda ya cika shekara 18, sashe na 13 yana neman abu uku su haɗu. Da farko akwai abin da aka yi: nemo mutum, ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri, ɓoye shi ko karɓarsa. Sai yadda aka yi: barazana, tilas, yaudara, sata, amfani da iko ko da halin ƙuncin da mutum ke ciki. Na ukun shi ne nufin a ci da guminsa ko da jikinsa. To, idan yaro ne, wato wanda bai cika shekara 18 ba, abu na biyu ya faɗi. Mai gabatar da ƙara ba ya buƙatar ya nuna an tsoratar da yarinya ko an yi mata ƙarya. Da ya tabbatar an ɗauko ta ne don a ci da ita, laifi ya tabbata. "Ai da yardarta ta biyo ni" ba kariya ba ce a kotu, haka ma "ai iyayenta ne suka ba ni ita". A ganina nan ne dokar ta fi yin daidai, domin yarinya 'yar shekara 13 da yunwa ta koro daga gida ba ta da wata yarda da za a kafa hujja da ita.

Hukuncin kuwa ya danganta da irin laifin. Safara a dunƙule, ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba ne da tarar da ba ta gaza naira 250,000 ba. Wanda ya nemo yaro ko yarinya don karuwanci ko wata lalata, ko don kansa ko don wani, a gida ko a ƙetare, sashe na 16 ya tanadar masa aƙalla shekara 7 da tarar naira miliyan 1. Irin wannan hukuncin ne ke jiran wanda ya sa yaro cikin hotuna ko bidiyon batsa, da magajiyar da ta ajiye ƙaramar yarinya a gidan karuwai. Saye ko sayar da ɗan Adam, wanda a ƙarƙashinsa cinikin jarirai ke faɗawa, aƙalla shekara 5 ne da naira miliyan 2. Safara don cire sassan jiki, shekara 7 da naira miliyan 5.

A lura da kalmar "aƙalla". Waɗannan shekaru ƙasan hukunci ne: alƙali yana iya haurawa sama da su, amma ba shi da ikon sauka ƙasa. A kuma lura cewa ɗauri da tara ake haɗawa. Tsohuwar doka ta bar ƙofa a laifuffuka da dama, inda alƙali zai ce ɗauri ko tara, mai safara ya zaro kuɗin da ya tara da jikin 'ya'yan mutane ya biya, ya koma gida a ranar. Dokar 2015 ta rufe wannan ƙofa. Duk da haka, bayan 2015 an ci gaba da samun hukunce-hukuncen da aka ba masu laifi zaɓin tara, kuma wannan saɓa wa nassin doka ne ƙarara. Ita kanta tarar ta lalace. A 2015 dala ɗaya tana wajen naira 200 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura naira 1,000, amma miliyan ɗayan da ke rubuce a doka tana nan yadda take. Ya kamata majalisar tarayya ta waiwayi waɗannan alƙaluma.

Sashen da ya fi kusa da rayuwarmu ta kullum shi ne na 23. Ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba a matsayin ɗan aiki ko 'yar aiki laifi ne mai ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, ko da ana ciyar da shi ana tufatar da shi. Idan aka hana yaron ladan aikinsa akwai ƙarin hukunci, idan kuma aka ji masa rauni ko aka lalata shi, hukuncin ya fi haka tsanani. Mutane da yawa za su ce taimako suke yi, iyayen yarinyar ba su da abin ba ta. Riƙon ɗan dangi, a sa shi makaranta tare da 'ya'yan gida, al'adarmu ce mai kyau, kuma ba ita doka ke nufi ba. Wadda doka ke nufi ita ce yarinyar da ke tashi da asuba ta yi shara da wanke-wanke, ta goya jariri har dare, 'ya'yan gida suna makaranta ita tana bakin murhu, ƙarshen wata kuma dillaliya ta zo ta karɓe kuɗin. Ta irin wannan hanya ce yara da yawa ke faɗawa hannun maigida ko samarin gida, ba su da wanda za su kai wa kuka.

Idan abin ya kai ga fyaɗe, wasu dokokin ke shigowa, kuma nan jiha ta bambanta da jiha. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda ya sadu da wanda bai kai shekara 18 ba ya yi fyaɗe, hukuncinsa ɗaurin rai da rai, kuma cewa ya zaci ta girma ba uzuri ba ne. Sai dai wannan doka a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye. Kowace jiha sai ta yi tata, kuma jihohi sun yi gyare-gyare a nasu. Tsohon kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, shekara 14 ya sa a matsayin iyakar da ba a duba yardar yarinya. Jihar Kaduna ta tsananta a watan Satumba na 2020, lokacin Gwamna Nasir El-Rufa'i: wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa da kisa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 kuma ta haramta shirya hotunan batsa na yara, da yaɗa su, har da ajiye su a waya ko kwamfuta. Wanda aka turo wa irin wannan bidiyo a WhatsApp ya tura wa wani, ko da sunan jan hankalin jama'a ne, ya sa kansa cikin haɗarin tuhuma, kuma ya ƙara tozarta yaron.

Wani lokaci mukan ji hukuncin da ya fi tsawon rayuwar ɗan Adam. A 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai Onica ta jihar Anambra, wasunsu an sauya musu suna. A 2021 babbar kotun jihar Kano ta yanke wa jagoran gungun shekara 104, bayan ya amsa tuhume-tuhume 38. Yadda ake kaiwa ga irin wannan adadi shi ne kowace tuhuma da hukuncinta, sannan alƙali ya faɗi ko za a yi zaman a lokaci guda ko ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da aka ba shekara 7 sau uku, idan a lokaci guda ne shekara 7 zai yi, idan a jere ne 21. Don haka idan ka ji labarin hukunci, wannan ce tambayar farko da ya kamata ka yi.

Dokar 2015 ba ta tsaya kan mai laifi ba. Ta hana a tsare ko a gurfanar da wanda aka yi safararsa saboda abin da halin safarar ya jefa shi, kamar tafiya da takardun bogi. Ta ba kotu ikon sa mai laifi ya biya diyya, ta kuma ba da damar ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya a zuba a asusun tallafa wa waɗanda abin ya shafa.

Inda ƙararraki suka fi mutuwa shi ne wajen sulhu. Dattawan unguwa su zo da goro da ban-haƙuri, a ce a rufa wa yarinya asiri, a miƙa wa uba 'yan kuɗi. A shari'ance ƙarar laifi tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma, uba ba shi da ikon janye ta. A aikace kuwa, da iyaye sun daina kawo yarinya kotu shaida ta rushe, alƙali ba shi da abin kafa hukunci, mutumin ya fito ya nemi wata. Wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba yana iya kai rahoto ga 'yan sanda, ko ofisoshin shiyya na NAPTIP da ke Kano da Sakkwato da Maiduguri, ko ya kira lambar hukumar, 627. Idan fyaɗe ne, a kai yaron asibiti cikin gaggawa kafin a yi masa wanka ko a wanke tufafinsa, domin rahoton likita na cikin manyan hujjojin da kotu ke dogara da su.